Ranar Da Ƙidayar Na'ura Ke Cika: Awon Haɗarinta Ga Wuta Da Ruwa

Ran Lahadi, 24 ga watan Nuwamba na shekarar 2024, wani wa'adi ya cika a kan yawancin mitocin wuta masu kati da ke ƙasar nan, tun daga na manyan kantunan Kano har zuwa na masu injin niƙa a ƙasar Kabo da Gwarzo. Tun da sauran watanni hukumar NERC mai kula da sha'anin lantarki, da kamfanin KEDCO wanda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, suka yi ta shela cewa duk mitar da ba a sabunta ba kafin wannan rana za ta daina karɓar sababbin lambobin wuta. Waɗansu suka ce dabara ce kawai ta sa mita gudu don a tatsi talaka, waɗansu kuwa suka yi kunnen uwar shegu, sai da rana ta ƙarato suka tashi a firgice.

Mun ga ya kamata mu warware wannan magana daki-daki, domin ku malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, ku ne mutanen karkara ke tambaya in an yi shelar da ba su gane ba. In mutumin Durun ya ji a rediyo an ce na'ura za ta ruɗe saboda kwanan wata, wajen hedimasta zai zo neman bayani. Ga shi kuwa an yi irin wannan wa'adi a shekarar 2000, akwai kuma wani yana tafe a 2038. Lalle ne mu san yadda ake auna haɗarin, don kada mu tsorata jama'a a banza, kada kuma mu kwantar musu da hankali inda ya kamata su tashi tsaye.

Asalin Ciwon

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin kundayen haraji da jangali na zamanin En'e ya san yadda akawu ke rubuta kwanan wata: 12/4/58. Ba ya wahalar da alƙalaminsa da rubuta 19 ɗin farko, gama kowa ya san ƙarnin da ake ciki. Sa'ad da aka fara aiki da kwamfuta a Turai da Amurka cikin shekarun 1950 da 1960, masu tsara mata aiki suka ɗauki wannan al'ada ta akawu suka ɗora mata. Suna da hujjarsu. A lokacin da kati mai huji ake ba na'ura labari, katin kuwa ba ya ɗaukar fiye da harafi 80, wurin ajiya a cikin na'urar kuma tsada gare shi ƙwarai. Rage lamba biyu daga kowane kwanan wata, a cikin sunaye miliyan, tsimi ne babba.

To, amma akawu yana da hankali, na'ura kuwa sai abin da aka gaya mata. A ce malami an haife shi a 1945. A 1999 na'ura za ta ɗebe 45 daga 99, ta ce shekararsa 54, daidai ke nan. Da shigowar 2000 sai ta ɗebe 45 daga 00, ta ce saura shekara 45 a haife shi. Wanda ba a haifa ba kuwa ba shi da albashi, balle fansho. Wani masani Ba'amurke mai suna Bob Bemer ya yi gargaɗi a rubuce game da wannan tun 1971, amma da yake ranar tana da nisa, ba a kula shi ba.

Akwai iri na biyu wanda ya fi wannan ɓuya. Waɗansu na'urori ba su san wata ko shekara ba, ƙidaya kawai suke yi, sakan-sakan ko minti-minti, tun daga wata rana da aka yanka musu. Gurbin da ƙidayar ke zama yana da iyaka, kamar agogon mil na tsohuwar lori, wanda in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri, motar da ta gaji ta zama kamar yau aka sauke ta daga jirgi.

Iri na uku shi ne na shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29. Bisa ga kalandar da Paparoma Giregori na 13 ya gyara a 1582, ana ƙara wannan kwana duk shekara huɗu, sai dai shekarar cikar ƙarni ba ta samunsa in 400 ba ta raba ta daidai ba. Don haka 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Mai tsara na'ura in ya manta da wannan ƙa'ida, ya bar tarko. Ran 31 ga Disamba 1996, watau kwana na 366 na wannan shekara, kwamfuta 660 suka tsaya lokaci guda a wata ma'aikatar narka sanholo a Niyu Zilan, don an koya musu cewa shekara ba ta wuce kwana 365. Ran 29 ga Fabrairu 2024 kuma, a wannan ƙasa dai, na'urorin biyan kuɗi na gidajen mai masu yawa suka ƙi aiki.

Abin Da Ya Faru A 2000

Da shekarar 2000 ta ƙarato, abin da ya fi tayar wa hukumomi hankali shi ne wuta da ruwa da waya, domin in wuta ta tafi, famfo ya bi ta, asibiti da banki su bi famfo. Amurka ta kafa majalisa ta musamman a 1998 a ƙarƙashin John Koskinen, gwamnatinta kuma ta ƙiyasta cewa ƙasar ta kashe wajen dala biliyan 100 a kan gyara. Hanyar da injiniyoyi suka bi mai sauƙin ganewa ce. Suka fara ƙidaya dukan na'urorin da ke ma'aikata, suka ware waɗanda ke lura da kwanan wata, suka gyara ko suka musanya su, sa'an nan suka tura agogonsu gaba don su ga abin da zai faru, daga ƙarshe suka shirya yadda za a yi aiki da hannu in gyaran ya ci tura.

Abin da binciken ya nuna ya ba mutane da yawa mamaki. Injin da ke haifar da wuta, da taransifoma, da injin tura ruwa, ba ruwansu da yau nawa ga wata. Ƙarfin wuta suke aunawa, da zafi, da matsin ruwa. Inda kwanan wata ke shiga shi ne wajen rubuta abin da ya faru, da ƙararrawar gargaɗi, da lissafin kuɗi. Watau jikin ma'aikatar lafiya lau yake, idonta da alƙalaminta ne ke cikin haɗari.

A nan gida daren ya zo ran Juma'a, cikin goman ƙarshe na watan azumi. A lokacin NEPA ce ke riƙe da wuta, abin da take samarwa bai kai megawat 2,000 ba, layukan wayar NITEL kuma ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa duka. Yawancin injinan tsofaffi ne da ake juyawa da hannu, jama'a kuma sun riga sun saba da fitilar ƙwai da janareta. Gari ya waye, duniya tana nan yadda take, ba ƙasar da ta faɗa duhu saboda kwanan wata.

Amma ba a fita sumul ba. A tashar lantarki ta nukiliya da ke Shika a ƙasar Japan, na'urar lura da tururin guba ta daina ba da labari da shigowar sabuwar shekara, ko da yake tashar kanta ba ta tsaya ba. A wani asibiti na birnin Shefil a Ingila, kwamfuta ta yi kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu, aka ba mata 154 sakamakon gwaji wanda ba daidai ba, ba a kuwa gane ba sai bayan fiye da wata huɗu. A lura da wannan. Na'urar da ta tsaya cik ta yi mana alheri, gama nan take za a nemi mai gyara. Wadda ta ci gaba da aiki tana ba da lissafin ƙarya, ita ce muguwa.

Har yanzu ana gardama ko kuɗin nan asara aka yi. Masu cewa asara ce suna kafa hujja da Italiya da Rasha, waɗanda suka makara wajen shiri, suka kashe kaɗan, ba su kuwa ga wata masifa ba. Namu ganin shi ne, a wuraren da tsofaffin kwamfutoci ke riƙe da lissafin banki da haraji da fansho, gyaran ya hana ɓarna ta gaske. A wuraren da ƙarfe da tagulla ke aiki, tsoro ya fi haɗarin yawa. Sai dai ba wanda ya isa ya san wanne ne wanne kafin a ƙidaya a gwada.

Labarin Mita Mai Kati

Wa'adin 2024 shi ne ya shigo mana har cikin zaure, saboda haka bari mu dube shi da kyau. Tsarin da mitocinmu ke bi ana kiransa STS, a Afirka ta Kudu aka ƙago shi a farkon shekarun 1990. In mutum ya sayi wuta ana ba shi lamba 20. A cikin waɗannan lambobi an ɓoye yawan wutar da ya saya, an kuma ɓoye mintin da aka sayar masa, ana ƙidaya mintocin tun daga 1 ga Janairu 1993. Mita tana riƙe da mintocin sayayyar da aka shigar mata a baya. In aka kawo mata lambar da ta taɓa gani, ko wadda ta girme wa dukan waɗanda take riƙe da su, sai ta ƙi karɓa. Wannan shi ke hana mutum shigar da lamba ɗaya sau biyu.

Gurbin da aka tanada wa wannan ƙidaya yana ɗaukar minti 16,777,216 ne kawai. Malamin lissafi yana iya ba 'yan aji shida wannan aiki: a raba da 1,440, watau mintocin kwana ɗaya, za a sami kwana 11,650 da 'yan sa'o'i, watau shekara 31 da kusan wata 11. In aka ƙirga daga farkon 1993, sai a sauka daidai a daren 24 ga Nuwamba 2024. Daga wannan dare ƙidaya ta koma sifiri, duk sabuwar lamba kuwa mita za ta ɗauke ta tsohuwa ce ta 1993, ta ƙi ta. Mitar ba za ta yanke wuta a daren ba. Abin da ke cikinta zai ci gaba da ci har ya ƙare, sa'an nan mai gida ya tsaya da rasit a hannu, wuta ga ta a turke, ba halin shigar da ita.

Maganin shi ne waɗansu lambobi na musamman kashi biyu, kowane kashi lamba 20, waɗanda ake shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Su ne ke canza makullin mita, su share mintocin da ta riƙe, su mai da mafarin ƙidaya zuwa 2014. Wanda ke da tsohuwar lambar wuta a ajiye dole ya fara shigar da ita, in ba haka ba mitar ba za ta san ta ba bayan canji. Hukumar NERC ta bayyana cewa aikin kyauta ne, ba ya kuma taɓa farashi ko saurin cin mita.

A nan ne bambancin 2000 da 2024 ya fito. A 2000 injiniyoyi ne suka yi gyara a ofisoshinsu, talaka bai ɗaga yatsa ba. A 2024 kuwa gyaran a hannun kowane mai gida yake, har da tsohon da idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi, da matar da maigidanta ya tafi ci-rani. A Afirka ta Kudu kanta, mutane sun yi dogayen layuka a ofisoshin kamfanin Eskom a kwanakin ƙarshe. Mu kuma a Arewa, ana saura wata guda wa'adi ya cika, wata matsala ta shigo. An riga an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma na Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala ran 21 ga Oktoba, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Yawancin mitoci kuwa ba sa karɓar lamba sai da wuta a layi. Waɗanda abin bai shafa ba su ne marasa mita, masu biyan kuɗin ƙiyasi, waɗanda a wannan shekara sun fi rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta a Nijeriya. Rashi ne ya kāre su, ba shiri ba.

Ma'auni Huɗu

Daga waɗannan labarai muna iya fid da tambayoyi huɗu da kowane akawu zai iya yi a kan kowace na'ura da ke hannun hukumarsa. Ta farko, shin tana ƙidayar kwanaki? Ta biyu, in ta ruɗe me za ta yi: tsayawa za ta yi, ko ƙarya za ta shara, ko kuwa kwanan wata ne kawai zai fito a karkace a takarda? Ta uku, akwai wanda ya iya yin aikinta da hannu? Ta huɗu, su wa ke dogara da ita, kwana nawa kuma za su iya jurewa in babu ita?

Bari mu gwada ma'aunin a ƙasar Durun da kewaye. Rijiya da guga, da famfon tuƙa-tuƙa, sun faɗi tun a tambaya ta farko, ba abin da zai same su. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, da ta Tiga ta 1974, ƙasa ce da dutse da ƙarfe, ruwansu ba ya duba kalanda. Gidajen ruwa na Challawa da Tamburawa, waɗanda birnin Kano ke sha daga gare su, haɗarinsu yana wajen wutar da ke juya injinansu. Tun farkon shekarun 1930, da En'e ta Kano ta kafa aikin ruwa da lantarki a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, waɗannan biyu tafiyarsu ɗaya. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana tana da ɗan akwati mai sarrafa injin, wanda ya kamata a tambayi mai sayarwa ko yana riƙe da agogo. Firijin allurar rigakafi a ɗakin shan magani, in na'urar da ke rubuta sanyinsa ta yi ƙarya, magani zai lalace ba a sani ba, don haka yana cikin waɗanda za a fara dubawa, ko da yake ƙarami ne.

Inda haɗari ya ƙaru tun daga 2000 shi ne waya da kuɗi. Wayar hannu ta shigo a 2001, yau kuwa albashin malami, da sayen wuta, da cinikin mai POS a kasuwar Gwarzo duk a kanta suke tafiya. Turakun waya da yawa, da manyan tashoshin wuta na zamani, suna saita agogonsu da taurarin GPS, waɗanda ke ƙidayar makonni a gurbin da ba ya wuce 1,024. Ya cika a Agusta 1999, ya sāke cika ran 6 ga Afrilu 2019. A wannan karo na biyu hanyar sadarwar ma'aikatun birnin Niyu Yok ta tsaya wajen kwana 10, saboda ba a sabunta na'urorinta ba.

In aka ɗora haɗarin kwanan wata a sikeli ɗaya da ɓarayin waya, da ƙonewar taransifoma, da faɗuwar babban layin ƙasa, lalle waɗannan sun fi shi nauyi nesa, gama su kullum muna tare da su. Amma yana da hali biyu da ba su da shi. Na ɗaya, yana kāma dukan na'urori iri ɗaya a sa'a ɗaya, ta yadda masu gyara ba za su wadatar ba. Na biyu, shi kaɗai ne ɓarawon da ke aiko da ranar zuwansa tun da sauran shekaru. Wanda irin wannan ɓarawo ya yi wa sata, ba shi da bakin kuka.

Ranakun Da Ke Tafe

Na'urori masu ɗimbin yawa suna ƙidayar sakan tun daga 1 ga Janairu 1970, a gurbin da iyakarsa 2,147,483,647. Zai cika ran Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 na dare agogon Nijeriya, na'urar da ba a gyara ba kuwa za ta ɗauka ana cikin Disamba 1901. Sababbin kwamfutoci da wayoyi yawancinsu an faɗaɗa musu gurbi. Abin dubawa shi ne ƙananan na'urorin da ke kulle a cikin akwatunan ƙarfe a gidan ruwa da tashar wuta, waɗanda ake kafawa a manta da su. A Nuwamba na wannan shekara ƙidayar makonnin GPS za ta sāke cika, mitocin da aka sabunta kuma nasu wa'adin yana 2045. Kada a ce da nisa. Na'urar da ƙaramar hukuma za ta saya bana, da fatan ta yi shekara 15 ko 20 tana aiki, za ta riski 2038.

Abin Da Ke Kanmu

Ba sai mun zama injiniyoyi ba. Akawu ya riƙa rubuta shekara da lamba huɗu a kowane kundi da kowace takarda, musamman ranar haihuwa da ranar kāma aiki. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe kundi guda na na'urorinta, a rubuta sunan kowace, da kamfanin da ya ƙera ta, da shekarar da aka kafa ta, da wanda ke gyara ta. Wannan kundi shi ne abu mafi amfani da manyan ƙasashe suka samu daga kuɗin da suka kashe a 2000, mu kuwa takarda da alƙalami kawai zai ci mana. In za a ba da kwangilar injin ruwa ko na'urar asibiti, a sa ɗan kwangila ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa kayansa za su ƙetare 2038, ya sa hannu. Jerin albashi da na fansho a riƙa buga su a takarda ana ajiyewa, ma'aikacin gidan ruwa kuma kada a bar shi ya manta yadda ake buɗe bawul da hannu.

Malamai kuma su koya wa yara ƙa'idar kwana 29 na Fabrairu, su ba su lissafin mintocin mita su yi da kansu. Yaron da ya ga da idonsa yadda 16,777,216 ke sauka a kan 24 ga Nuwamba ba zai yarda da mai cewa asiri ne ko makirci ba, shi ne kuma zai karanta wa kakarsa lambobi in wani wa'adin ya zo. In an sāke yin shela irin wannan, a tambayi hukumar da ta yi ta abu uku: wace na'ura ce, me za ta yi in ba a gyara ba, nawa ne kuɗin gyaran. In an ce kyauta ne, a faɗa wa jama'a a makaranta da kasuwa da ƙofar dagaci, don kada wani ya karɓi ko kwabo a hannunsu. Allah ya sa mu ga waɗannan ranaku lafiya, wuta na ci, famfo na zuba.